Sawun Kawu a Gaban Akwati Biyu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma ranar Talata da hantsi Kawu ya riga mu tafiya. Kafin masu haƙar kabari su dawo, ƙofar gidanmu ta cika har sai da aka aro tabarmi daga maƙwabta. Ni ina cikin gida tare da mata, amma bangon zaurenmu ba shi da kauri, kunnena kuwa bai taɓa yi mini nauyi ba.

Masu ta'aziyyar kashi biyu suka zauna, ko da yake sojoji sun daɗe da hana maganar jam'iyya. Waɗanda suka yi jam'iyyar gwamnati suna gindin itacen bedi, 'yan hamayya suna jikin katanga, kowa yana kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido. Na ji wani Alhaji daga gindin bedi yana cewa, "Allah ya jiƙan dattijo. Namu ne har ya koma ga Allah, ruɗarsa kawai aka yi." Daga jikin katanga wani tela ya ɗaga murya don a ji shi, ya ce, "Allah ya gafarta masa. Mutumin da ya ba da hannunsa saboda mu, wa zai ce ba namu ba ne?" Inna, wato mahaifiyata, ƙanwar mamacin, ta ga na yunƙura zan miƙe sai ta riƙe mini zane. Ta ce, "Ke, zauna. Yau ba ranar bakinki ba ce." Na zauna, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Mutanen gindin bedi su suka farfasa masa yatsa, mutanen jikin katanga su suka karya masa haƙarƙari, ga su kuma sun zo suna rabon gawarsa tun ba a sa ta a makara ba.

Mutum biyu ne ba su zauna a ko'ina ba. Ɗaya Ticha ne, malamin makarantar mishan, Kirista, maƙwabcin gonar Kawu. Ya tsaya can gefe da hularsa a hannu yana zubar da hawaye, bai damu da wanda ya gan shi ba. Ɗayan kuwa Yayana ne, wanda muke ciki ɗaya, yana ta kai ruwan alwala yana dawowa, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Saboda waɗannan biyun, da kuma don kada gobe a ba jikoki labarin da ba haka yake ba, na ga ya kamata in faɗi abin da idona ya gani.

Kawu ne ya riƙe mu. Mahaifinmu ya rasu ina goye, Kawu ya zo da jaki ya kwashe mu da Inna zuwa gidansa, a wani ƙauye gaba da Ƙarfi kaɗan. Allah bai ba shi haihuwa ba, matarsa kuma ta riga shi da daɗewa, saboda haka Yaya ya zama ɗansa na gona. Ni kuma da aurena ya mutu na dawo gida, na kama dafa daddawa da suyar ƙosai. Uwar Daddawa yake kirana. Yakan ce ko makaho ya shigo garinmu ba ya buƙatar ɗan jagora, warina kaɗai zai kai shi gidanmu. Ni kuma in ce masa ai miyar da yake suɗe kwano a kanta da warin nan aka yi ta.

Gajere ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, kuma ba ya ƙaunar takalmi. Ƙafarsa ta hagu ba ta da ƙaramin yatsa, garma ta cire shi tun yana saurayi, don haka babu wanda bai san sawunsa ba. Dama a wajenmu sawu ba ɓoyayyen abu ba ne. In an yi satar dawa ko akuya ta ɓata, ba a zuwa wajen mai duba, ƙasa ake kallo. Duk wanda ya tashi a ƙauyen nan zai iya gaya maka wanda ya bi hanyar rafi da safe, da ko ɗauke yake da kaya ko hannunsa na dukan cinya. Kawu shi ya koya wa Yaya wannan karatun. Sai ya durƙusar da shi a tsakiyar hanya ya nuna masa ƙasa ya ce, "Wanga na wane ne?" In ya faɗa daidai ya shafa masa kai, in ya kuskure ya ja masa kunne.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi a lokacin. In za a yanke abin da za a shuka a gandu, auduga ko gyaɗa ko dawa, sai ya tara kowa a tsakar gida, har da mu mata, ya ce kowa ya faɗi nasa. Sau da yawa abin da ya ƙudurta tun farko shi zai yi. In na yi masa gori sai ya ce, "To ai na ji naki, ɗiyar nan. Da ban tambaya ba, da mi za ki yi mini gorin?" Amma akwai shekarar da muka haɗu muka kayar da shi a kan gyaɗa, kuma ya shuka gyaɗar yana gunaguni daga kunyar farko har ta ƙarshe.

Ɗan jam'iyyar gwamnati ne na gaske, kada wani ya gaya muku ba haka ba. Yakan ce su suka haƙa mana rijiya, su suka gyara hanyar da motocin auduga ke bi zuwa Funtua, 'yan hamayya kuwa baki kawai gare su. Duk taron da aka yi yana sahun gaba da sandarsa. Tsakaninsa da Ticha kuma babu shiri ko kaɗan, kuma ba addini ba ne ya raba su, ba siyasa ba ce, wata ɗorawa ce. Tana kan iyakar gonakinsu, gindinta a wajen Kawu, rassan da suka fi 'ya'ya a wajen Ticha. Kowace bazara sai an yi ta. Kawu ya ce itacen nasa ne tunda a ƙasarsa ya tsiro, Ticha ya ce abin da ya rataya a kan gonarsa nasa ne. An kai magana gaban mai gari har ya gaji da su. Akwai ranar da Kawu ya fizge maƙatar da Ticha ke kaɗo ɗorawa da ita ya karya a gwiwa. Su suna can suna kumfar baki, ni da matar Ticha muna haɗa kalwarmu a tukunya ɗaya, mu dafa mu raba.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai zaɓe ya matso, daidai lokacin ɗibar auduga, sai aka ji Ticha zai tsaya wa 'yan hamayya. Doka ta ce sai mutum biyu masu biyan haraji sun dangwala masa yatsa kafin a ajiye akwatinsa a rumfar zaɓe. In bai samu ba, ɗan takarar gwamnati ya wuce ba hamayya, babu ma wanda zai jefa ƙuri'a. Ƙanin Ticha ya dangwala, na biyu ya gagara. Wani mahauci ya yi alkawari, 'yan banga suka tare shi a hanyar Malumfashi suka dake shi har sai da aka kawo shi gida a kan jaki yana fitar da jini ta kunne. Wani ya yi alkawari shi ma, da ya ga mahauci sai ya tuna yana da surukai a Dandume da ya daɗe bai gaisar ba. Shugaban 'yan bangar ƙauyenmu kuwa Yaya ne. An ba shi kaki da gora, ana ɗaukarsa a mota ana yawo da shi, ya dawo gida ido jajir yana yi wa Inna magana a tsaye.

Wata safiya Kawu yana zaune gefen murhuna yana cin ƙosai da zafinsa, sai ya ce, "Uwar Daddawa, in akwati ɗaya za a ajiye, mi za mu je yi?"

Na ce, "Ni kake tambaya? Mu mata ai ba a ba mu ƙuri'a ba."

Ya ce, "To ga shi mu ma za a maida mu kamarku, a yanke mana muna zaune."

Na ce, "Ashe kun san babu daɗi."

Bai yi dariya ba. Ya goge hannu a gemu, ya ɗauki sandarsa ya fita. Abin da ya faru a gidan Ticha, matarsa ce ta ba ni labari. Ta ce ko zama bai yi ba, yana shiga ya ce, "Ban zo don ina sonka ba, kuma ɗorawa tawa ce. Kawo tawadar." Ticha ya ce, "Baba, ka dawo wajenmu ke nan?" Kawu ya ce, "Ban koma ko'ina ba. So nake in shiga rumfa in tarar da akwati biyu. Inda zan sa hannuna kuwa babu ruwanka." Ya dangwala ya fito, ya bi ta tsakiyar gari da shuɗin tawada a babban yatsansa, bai ko yi ƙoƙarin gogewa ba.

A gona suka same shi. Muna ɗibar auduga ni da shi da rana tsaka, sai ga su su biyar ko shida, wasu 'yan garinmu, wasu baƙin ido, Yaya a gaba. Ba su yi sallama ba. Wani ƙato ya shure buhun da nake tarawa, wani ya kama Kawu ta wuyan riga ya ja shi har gindin ɗorawa, inda akwai wani faffaɗan dutse da muke zama a kai mu sha fura. Baƙon da ya fi su tsawo ya ce wa Yaya, "An ce ubanka ne. In ba za ka iya ba, matsa mu yi." Yaya bai matsa ba. Ya sunkuya ya ɗauki ƙotar garmar da ke jingine a jikin itacen, ya ce, "Kawu, da wanne ka dangwala?"

Kawu ya ce su sake shi, ba inda zai gudu. Ya durƙusa da kansa ya ɗora hannunsa na dama a kan dutsen, ya miƙe babban yatsan. Ya ce, "Ga shi nan. Ka san shi, da shi na koya maka riƙon abin da ke hannunka."

Na yi zaton maganar za ta kashe masa jiki. Ba ta kashe ba. Ya ɗaga ƙotar ya sauke, na ji ƙarar ƙashi kamar an taka busasshen kara. Kawu ya yi wani irin nishi da ban taɓa jin mutum ya yi ba. Yaya ya sake ɗagawa ya sake saukewa, farce ya ɓalle, jini ya fantsama a kan audugar da ta zube. Ban san lokacin da na rarumi ƙwaryar fura na kwaɗa wa Yaya a fuska ba, ta tarwatse, na kama kunnensa da haƙori. Ƙaton nan ya ɗauke ni da mari, ya bi ni da gora a baki. Haƙorina na gaba da kuke gani babu, a gindin ɗorawar nan na bar shi. Suka bi Kawu da shuri a ciki da baya har ya daina motsi, sannan suka tafi suna waƙar jam'iyya. Wanda ya jiyo ihuna ya zo ya goya shi har gida shi ne Ticha, farar rigarsa ta zama ja tun daga kafaɗa har ƙugu.

Mai ɗori ya zo ya duba ya ce babu abin ɗorawa, ƙashin ya niƙe. Aka naɗe da tsumma da magani. Inna ta yi rantsuwa ba za ta sake kallon fuskar Yaya ba, ni kuwa na ce ko gawarsa aka kawo ba zan yi kuka ba. Kawu yana kwance zazzaɓi na kaɗa shi, abin da kawai yake tambaya shi ne, "An karɓi sunan Ticha?" Da aka ce masa an karɓa, sai ya ce in dama masa kunu.

Ranar zaɓe na kafa kaskona kusa da rumfar, don ranar ciniki ce. Rumfar zana ce, an ajiye akwati biyu a ciki nesa da juna, na gwamnati a dama, na Ticha a hagu. Mutum ya karɓi takardar ƙuri'a a waje, ya shiga shi kaɗai, ya jefa inda yake so. Tun da sassafe na ga jakuna suna kawo rairayi daga rafi ana zubawa a cikin rumfar ana bajewa, aka ce don tsafta ne. Mai gari kuma aka shimfiɗa masa tabarma daidai bakin ƙofa, kuma kowa ya sani ba a wuce mai gari da takalmi a ƙafa. Duk wanda ya shiga ya fito, sai Yaya ya bi bayansa da tsintsiya, ya ɗan jima, ya fito ya yi wa abokansa raɗa. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Wani dattijo da aka ga sawunsa ya nufi hagu bai kai gida ba, a bayan masallaci suka fasa masa kai. Ɗan dokan da ke wurin ya juya yana kallon wani gefe. Daga nan layin ya yi tsit, kowa ya shiga sai ya yi dama ya fito kansa a ƙasa.

Ana haka sai ga Kawu, Inna ta hana shi fita ya ƙi. Hannu a naɗe a rataye a wuya, yana dogara sanda, yana jan ƙafa. Ya gaida mai gari kamar yadda ya saba, ya karɓi takardarsa da hannun hagu ya shiga. Ya daɗe a ciki har aka fara kallon juna. Da ya fito sai ya tsaya a bakin rumfa ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji, ya ce, "Jama'a, baƙi biyu na tarar a ciki. Ni kuwa ba a koya mini in shiga ɗaki in gaida ɗaya in bar ɗaya ba. Na je na tsaya gaban wanga, na je na tsaya gaban wancan. Wanda na ba goro a cikinsu, ni da Allah muka sani." Ya juya ya dubi Yaya ya ce, "Shiga ka share."

Yaya ya shiga, ya fito fuskarsa ta sauya, bai yi wa kowa raɗa ba. Na bayan Kawu wani makiyayi ne da ke zaune a gefen gari, ya shiga ya jima, ya fito yana cewa shi ma ya gaida baƙin duka. Na bayansa ma haka. Kafin azahar kowa sai ya zaga akwatunan nan biyu, har da waɗanda kowa ya san na gwamnati ne, kuma na ji wani yana cewa ya ma yi ɗan tsalle a tsakiya don ƙarin lada. Mutane suka fara dariya a layi, abin da ban ji ba tun da aka fara maganar zaɓen. Yaya ya yi ta shiga da tsintsiya yana fitowa har ya gaji ya jefar da ita. Ban taɓa jin daɗin da na ji ranar ba, na soya ƙosai na ba duk wanda ya miƙo hannu.

Dariyar ba ta kai la'asar ba. Hayaƙi muka hango daga wajen gonarmu. Audugar da muka tara ta shekara guda, wadda ke jiran motar Funtua, suka zuba mata kananzir suka cinna mata wuta, suka haɗa da rumbun dawa guda. Jakin Kawu da ke ɗaure a wurin suka sare masa agara suka bar shi yana birgima. Ticha ya faɗi zaɓe, kuma da nisa ya faɗi, amma an buɗe akwatinsa an sami ƙuri'u a ciki, kuma har yau babu wanda zai iya nuna gidan da suka fito. Da damina ta zo Kawu ya kira gayya, aka dafa abinci, aka jira, babu wanda ya zo saboda tsoro. Ticha ne kawai ya ƙetaro iyaka da garmarsa. Suka yi huɗa gefe da gefe, Kawu ya ɗaure ƙota a hannunsa da tsumma don ba ya iya damƙa, kuma har suka tashi suna musu a kan ɗorawa.

Sai aka wayi gari rediyo ya ce sojoji sun karɓi mulki. Manyan da ke ɗaukar su Yaya a mota suka yi ɓatan dabo, aka bar 'yan banga da kakinsu a tsakiyar mutanen da suka daka. Ranar kasuwarmu aka kama Yaya a wajen 'yan hatsi. Mahaucin nan da aka kurmantar yana gaba, telan da na ce muku ya ɗaga murya a wajen ta'aziyya yana bayansa, da wasu da yawa, kowa da gora ko ice. Suka kayar da shi, suka yayyage kakin, wani ya fasa masa goshi da bakin tasa, wani yana ihu a kawo kananzir. Ina gaban kaskona ina kallo, a raina na ce ya ɗanɗana abin da ya dafa.

Ban ga ta inda Kawu ya ɓullo ba. Na dai gan shi ya jefar da sanda ya ratsa mutane ya faɗa a kan Yaya ya rufe shi da jikinsa. Gorori suka sauka a bayansa kafin a gane shi, wasu kuma sun gane shi ba su fasa ba, don hannu ya riga ya yi zafi. Yana ƙasa yana cewa, "Ku kai shi gaban alƙali! Ba don wanga na ba da yatsana ba! Ku kai shi gaban alƙali!" Wani ya ɗaga taɓarya daga rumfar masu daka ya sauke masa a haƙarƙari. A nan na kife kaskon mai a ƙafafun na kusa da ni, na shiga ina zagin uwar kowa, Ticha ma ya iso yana ture mutanensa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya har kunya ta kama su. Muka ɗaga Kawu yana tarin jini. Abin da ya fara cewa shi ne a duba ko yaron yana numfashi. Yaron da yake nufi mai gemu ne, yana da mata da 'ya'ya.

Tun daga ranar bai sake miƙewa daidai ba. An kai shi asibiti an dawo da shi, tarin ya ƙi tsayawa, ƙirjinsa yana ƙara in yana numfashi. Ya yi damina ya yi rani a kwance. Shi ya matsa wa Inna sai da ta karya rantsuwarta ta yi kaffara ta bar Yaya ya dawo gida, ni kuma ya ce ko ba zan yi masa magana ba in riƙa zuba masa tuwo. Na zuba, amma ƙanzo nake haɗa masa da shi. In an kunna rediyo ana karanta sabuwar dokar soja sai Kawu ya ce a kashe. Yakan ce, "Da muna faɗa a kan ɗaya ko biyu, yanzu ko rumfar babu. Duk wanda ya ɗauki gora shi ya kira su."

Ana gobe zai rasu, da la'asar, ina ba shi ruwa a ludayi, Yaya ya shigo ya durƙusa a bakin gado. Ya ce, "Kawu, ka yafe mini."

Kawu ya ce, "Na yafe tun a gindin ɗorawa."

Yaya ya ce, "To don Allah ka gaya mini abu ɗaya. Wane akwati ka jefa?"

Na san abin da ke cinsa. In akwatin Ticha ne, to yana da abin da zai riƙa gaya wa zuciyarsa, cewa abokin gaba ya daka. In kuwa na gwamnati ne, ya niƙa yatsan mutumin da ya goya shi a banza, mutumin da ke tare da su. Tun ranar zaɓe tambayar nan ke hana shi sakat, ta ramar da shi fiye da dukan kasuwa. Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na share masa jinin da ya fito a gefen baki. Da ya sami numfashi sai ya ce, "Har yanzu sharar kake yi? Hannu na yafe maka, duniya da lahira. Wancan kuwa ba na bayarwa ba ne. Shi kaɗai na samu a cikin abin nan duka."

Ranar sadakar uku Ticha ya yi sallama ya tsaya a soro ya ce a kira ni. Ya ce shi da iyalinsa sun yanke shawara, daga yau sun bar mana ɗorawa gaba ɗaya, ba za su sake kai mata maƙata ba. Na ce masa, "Malam, mun gode, amma ba mu karɓa ba. Mutumin nan bai yarda a ci ba hamayya ba. In bazara ta yi ka zo da maƙatarka, za ka tarar da ni a gindinta, kuma bakina ya fi nasa." Ya yi dariya hawaye na zuba, ya sa hularsa ya tafi.

Washegari da safe na fito zan mayar wa maƙwabta tabarminsu, na tarar da Yaya a ƙofar gida da tsintsiya. Bai ɗago ba ya ce, "Ke kin fi kowa zama da shi. Ya gaya miki?"

Maganar farko ke nan da ta haɗa mu tun ranar gona. Na ce, "Kai ka shiga bayansa. Me ka gani?"

Ya ce, "Sawu mai yatsa huɗu gaban na dama, sawu mai yatsa huɗu gaban na hagu. Na durƙusa na duba yadda ya koya mini. Zurfinsu ɗaya, ko kaɗan wani bai fi wani ba."

Na ce, "To ka riƙe shi, gadonka ke nan. Ni ma abin da ya bar mini ke nan."

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sa ciwon da ya sha a hannun mutanen dama da na hagu ya zama kankarar zunubi. Mu da muka saura kuma Allah ya nuna mana ranar da za a sake kafa rumfa, ya sa a ba mu ƙuri'a har da mu masu daddawa, ya sa ƙarshenmu ya yi kyau.

Yaya ya tsaya da tsintsiyar a hannu yana kallon ƙasa. Ƙofar gidan cike take da sawun masu ta'aziyya, na gindin bedi da na jikin katanga sun tattake juna har ba a rabewa. Na san abin da yake nema, don ni ma idona ya nema. Babu mai yatsa huɗu a ciki. Ya daɗe a tsaye, sannan ya sunkuya ya fara shara.